Fularin: Ƙwallon Da Ya Rasa Sarauta Ya Sami Wani Aiki

Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, farantan sola suka zama abin dogaron jama'a a Arewa. Shi ya sa nake ganin ya dace mu waiwayi labarin wani sinadari da aka taɓa sa ran zai sauya wannan sana'a baki ɗaya.

A 1985 ne Harold Kroto da Robert Curl da Richard Smalley suka gano fularin a Jami'ar Rice da ke Amurka. Ƙwayoyin zarra 60 ne na kabon, wato sinadarin gawayi, haɗe cikin siffar ƙwallon ƙafa, kuma ganowar ta ba su kyautar Nobel a 1996. A 1992 aka tabbatar cewa idan haske ya sauka kan wata irin roba mai ɗaukar lantarki, nan take fularin ke fizge ilektiron ɗin da hasken ya zaburar. Daga nan aka shiga mafarkin faranti marar nauyi, mai lanƙwasuwa, da za a riƙa bugawa kamar jarida.

Sai dai kasuwa ba ta jiran mafarki. Fularin ba ya shan haske sosai, tace shi kuma akwai tsada. Kafin a shawo kan wannan, masana'antun Sin sun karya farashin farantan silikon, har kamfanin Konarka na Amurka, jagoran sabuwar fasahar, ya durƙushe a 2012. A 2019 kuma masanan Sin suka fito da sinadarin Y6, wanda ya yi wa fularin fintinkau a farantan roba.

Duk da haka bai mutu ba. A sababbin farantan da ake ɗora sinadarin ferobsikayit bisa silikon, irin waɗanda Oxford PV ya fara sayarwa a 2024, galibi siririyar shimfiɗar fularin ce ke kwashe ilektiron.

A ganina, darasin a fili yake. Turawa suka gano fularin, amma ribar kasuwar sola ta tafi ga wanda ya iya ƙira mai yawa da arha. Don haka masu kiran a hana shigo da farantan sola Najeriya, kamar yadda aka yi ta yi a 2025, su fara tanadar wuta ga masana'antu da kuɗin bincike ga jami'o'inmu. Idan aka rufe ƙofa kafin a yi wannan, talaka ne zai kwana cikin duhu.