Dariyar Da Ake Saye Da Mutuncin Wani

'Yan uwana mata, wai shin sai yaushe za mu daina ba da kuɗinmu ana koya wa 'ya'yanmu raina mutane? Tun 1990 da aka yi Turmin Danya a Kano finafinan Hausa suka shigo mana har uwar ɗaka. To, amma ku dubi yadda ake nuno Bamaguje. In ba ga shi riƙe da ƙwaryar burkutu yana tangaɗi ba, to ga shi can cikin kogo ya shafe fuska da gawayi yana ɓaɓɓaka dariyar boka. Haba jama'a!

Maguzawa fa Hausawa ne, harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya. Suna nan a ƙauyukan Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna, manoma ne na bugawa a jarida, matansu ma kowacce da gayaunarta. Ko bayan jihadin 1804 zaman amana aka yi da su, suna biyan jiziya. Yau da yawansu sun musulunta, wasu sun shiga Kiristanci, amma har yanzu in yaro ya ƙi wanka sai ki ji an ce da shi Bamaguje.

Haka ɗan daudu. Ba a sako shi a fim sai don karairaya da habaici. Alhali akwai masu mata da 'ya'ya cikinsu, da cinikin tuwo da suyar kaji suke ciyar da gida. Ko mene ne ra'ayinki game da uban, yaron me ya yi? Mu mun kwana da dariya, shi ko gobe da safe a makaranta za a bi shi da ihu har ya tsani zuwa aji. Wanda ya yi duka yakan manta, wanda aka daka ba ya mantawa.

Hukumar tace finafinai da aka kafa a Kano a 2001 takan sa ido kan rawa da sutura. To, cin mutuncin fa? Ai Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi.

'Yar uwa, gyara daga ɗakinki zai fara. In irin wannan wurin ya zo, kada ki taya su dariya. Gaya wa ɗanki cewa wancan ma uban wani ne.

Allah Ya sa mu gyara, amin.