Ina Ake Samun Tsohon Kan Sarki a Jos?

Wani mai karatu daga Bukuru ya aiko mini da takarda, ya ce ya fara sha'awar tara tsofaffin kan sarki, ya zaga gari bai ga mai sayarwa ba. Yana tambaya, ina zai dosa?

To, Malam, ka fara da babban gidan waya na Jos da ke kan titin Ahmadu Bello. Sai dai aikin gidan waya sayar da na yayi ne, da waɗanda ake bugawa don tunawa da wani biki. Ka tambayi ma'aikata ko akwai ragowar na shekarun baya, ka kuma nemi su haɗa ka da sashen hukumar NIPOST mai kula da masu tara kan sarki.

Amma na zamanin Turawa, ba a kanti yake ba, yana cikin adakar kakanka. Jos gari ne da haƙar kuza ta tara wa jama'a daga ko'ina: leburori daga Kano da Katsina da Barno, akawuna daga Kudu, Turawan kamfani da 'yan mishan. Kowa ya baro dangi a gida, kowa yana aika wasiƙa ana aiko masa. Saboda haka ka bi gidajen tsofaffin akawuna da malaman makaranta da dillalan da, a Jos da Bukuru da Barikin Ladi, ka yi sallama cikin ladabi. Wani zai ba ka kyauta, wani ku yi ciniki.

Ga abin da za ka lura da shi. A 1900 aka fara buga kan sarki mai sunan Nijeriya ta Arewa, da hoton Sarauniya Biktoriya, sannan aka sa na Sarki Edward na Bakwai a 1902. Hoton kan mai mulki da ke jiki shi ya jawo sunan da muke kiransa da shi har yau. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai aka koma rubuta Nijeriya kawai. Jerin 1936 yana da na ahu mai hoton injin haƙar kuza, jerin 1953 kuma na kwabo biyu shi ne na kuza, na ahu na gyaɗa. Duk wanda ka ga an rubuta farashinsa da sule ko fam, ya girmi 1973, shekarar da naira ta shigo.

Abin da ka rasa a gida, akwai dillalai a intanet, kamar eBay da Delcampe. A nan sai ka yi hattara, domin jabu ya yi yawa. Kafin ka biya, duba kundin farashi na kamfanin Stanley Gibbons na Landan. In wani ya tallata maka na fam 25 na Arewa na 1904 a kan kuɗi kaɗan, juya baya. Wannan yana cikin mafi wuyar samu, kuma araha ba ta ado.

Gargaɗina mafi girma shi ne kada ka ɓamɓare kan sarki daga tsohuwar ambulan. Hatimin gidan waya mai sunan Naraguta ko Bukuru, da kwanan wata, shi ne shaidar inda wasiƙa ta fito, sau da yawa ma ya fi kan sarkin daraja. Ka ajiye su nesa da laima, domin daminar Filato ba ta raga wa takarda.

Jama'a, kullum gara na cin waɗannan takardu, wasu kuma ana ƙunshe tsire da su. In dattijo ya rasu aka share ɗakinsa, tarihin gari ne ya tafi juji. A buɗe adaka tun masu ita na da rai, su faɗi wanda ya aiko da wasiƙar da abin da ya sa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.