Kada Mu Sayar Da Gona Don Hayar Gida A Maitama

'Yan'uwa manoma, a 'yan shekarun nan in mun zaga ƙungiyoyinmu na gama kai, akwai wata magana da muke yawan ji. Yaro ya sami aiki a Abuja, ya aiko gida a taimake shi da kuɗin haya a unguwar manya. Uba kuwa saboda ƙauna sai ya buɗe rumbu, ko ya kai shanun huɗa kasuwa, wani ma har ya jinginar da gona. Mu dai a ganinmu wannan kuskure ne, ga kuwa dalili.

Tun da aka mai da babban birnin ƙasa daga Legas zuwa Abuja a 1991, unguwanni irin su Maitama da Asokoro suka zama mazaunin manyan ma'aikatan gwamnati da jakadun ƙasashen waje da attajirai. A can ba a saba biyan haya wata-wata ba. Mai gida yakan nemi kuɗin shekara guda a dunƙule, wani ma na shekara biyu. Bayan wannan ga la'adar dillali, wadda sau da yawa kashi 10 ce cikin 100, ga kuɗin lauya mai rubuta yarjejeniya, ga kuɗin ajiya saboda abin da ka iya lalacewa, ga na gadi da kwashe shara da man janareta.

Mu yi lissafi. A ce haya naira 1,000,000 ce a shekara, ko da yake a Maitama wannan kuɗi ba ya zuwa ko'ina. Shekara biyu 2,000,000 ke nan. In dillali da lauya kowanne ya ɗauki kashi 10, an tashi 2,400,000 tun ba a sa tabarma a ɗaki ba. Kowa ya auna wannan da farashin buhun masara a kasuwarsu, ya ga buhu nawa ne. Bayan shekara biyu kuma mai gida zai dawo, wataƙila da ƙari. Gona tana ba da amfani kowace damina, amma kuɗin haya in ya tafi ya tafi ke nan.

Kada kuma mu zaci doka za ta tsare ɗan haya a irin waɗannan unguwanni. Legas ta isa misali. Dokar haya da jihar ta kafa a 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ta ware Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA, watau unguwannin masu tsada.

Ba mu ce yaranmu ba su da hujja ba. Wanda ke kwana a Nyanya ko Mararaba yakan yi asubanci, ya sha cunkoson motoci safe da yamma, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hau ƙwarai. Wannan wahala ce ta gaske. Amma wahala ce da albashi zai iya ɗauka kaɗan-kaɗan. Gonar da aka sayar kuwa, da wuya ta dawo hannun iyali.

Ga shawararmu. Na ɗaya, kada ƙungiya ta ba da rancen taki ko na iri don a biya haya a birni, gama wannan kuɗi na noma ne, daga noma kuma ake biyansa. Na biyu, yaro ya fara zama wurin dangi, ko su haɗu biyu ko uku su kama ɗaki inda albashinsu zai iya riƙewa. Na uku, kada a ba dillali ko kwabo sai an ga ɗakin da ido, an san ainihin mai gidan, an karɓi rasit da takardar yarjejeniya. Na huɗu, in lalle iyaye za su taimaka, su bayar daga rarar amfanin gona, bayan an ware abincin gida da irin shuka.

Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Aikin birni yana iya ƙarewa dare ɗaya, ranar nan kuwa gonar da aka bari ita za ta karɓi yaron. Mu tattauna wannan magana a taron ƙungiya na gaba, iyaye da matasa tare.