Kada Mu Raina Wasan Yumɓu

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanmu in mun ga yaran Gwallaga suna gina doki ko sa da yumɓu, sai mu ce shiririta ce. Ni kuwa a ganina mafarin sana'a ke nan.

Ku dubi yadda ake zubin tagulla. Maƙeri yakan siffanta dabba da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya bar 'yar kafa. In ya gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sai ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. In ta huce ya fasa yumɓun. Watau yadda kakin yake, haka tagullar za ta fito. Ta wannan hanya Asante suka yi 'yan tsuntsaye da kadoji na awon zinariya. Haka kuma aka zuba 'yar damisar Igbo-Ukwu, garin da Thurstan Shaw ya fara tono a 1959, ta kuwa haura shekara dubu.

Ashe gwanintar a kaki take, hannun da ya saba da yumɓu kuwa shi ke iya kaki. Saboda haka in an tura mu makarantu, kada mu mai da darasin aikin hannu lokacin shara da ɗiban ruwa. A kawo yumɓu, a bar yara su gina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.