Albasar Galmi da darasinta ga ƙananan ƴan kasuwa

Sau da yawa mukan ji mai ƙaramar sana'a yana kukan cewa manyan kamfanoni sun hana shi sakat. Kukan yana bisa hanya, amma muna ganin da yawa daga cikinmu suna shiga kokawar ta inda ba za su yi nasara ba, wato karya farashi. Mai sayen kaya jirgi guda zai iya jure hasarar wata shida. Mai jarin jaka ɗari kuwa ko mako biyu ba zai kai ba.

Mu dubi manoman Galmi, a jihar Tawa. A manyan kasuwannin gaɓar teku irin su Abijan, albasarsu tana gogayya da wadda ake kawowa daga Holan cikin jiragen ruwa. Ba su da jirgi, ba su da kuɗin talla. Abin da suke da shi suna ne: matan gida sun san ƙamshinta da yajinta, sun kuma san kaɗan daga cikinta yana isar tukunya. Darajar sunan ta fito fili a shekarun 2000, lokacin da wani kamfanin iri na ƙasar Sanagal ya nemi a yi masa rajistar wannan iri da sunan Galmi a hukumar OAPI, mai mazauni a Yawunde. Nijar ta ƙi amincewa, sunan kuma ya tsaya a hannun masu shi. A shekarar 2023 hukumar ta ba albasar Galmi da kilishin Nijar takardar shaidar asali. Manomi ɗaya ba zai iya wannan ba. Sai da aka haɗu cikin ƙungiyoyi irin su ANFO.

Sai batun lokaci. A kakar albasa, wajen watannin Maris da Afrilu, farashi yakan faɗi ƙasa warwas, kowa na neman rabuwa da kayansa. Wanda ya adana tasa a rudu mai shan iska har zuwa damina yakan sayar da daraja, ko da wani kaso ya ruɓe. Sai dai wanda bashi ya shaƙe wa wuya ba ya iya jira, shi ya sa adashi da asusun ƙungiya suke da amfani tun kafin shuka.

Inda muke jin tsoro shi ne cikin buhu. Babban kamfani yana tantance kayansa, girma ɗaya, nauyi ɗaya, mai saye ba ya buƙatar zazzagewa. Mu kuwa har yanzu akwai masu jera manya a baki, su cusa ƙanana da ruɓaɓɓu a tsakiya. Wannan algus ne da addini ya hana, kuma ɗan kasuwar Kumasi da aka yi wa haka ba sunan manomin zai riƙe ba, Galmi zai ce. Ya kamata kowace ƙungiya ta sa alamarta a jikin buhu, ta naɗa masu duba kaya kafin a ɗinke, wanda aka kama kuma a hana shi alamar har kaka mai zuwa.