Tsohon Kuɗi Ba Tarkace Ba Ne

A gidaje da yawa na Damagaram da Maraɗi da Tawa, in aka buɗe adakar kaka, akan tarar da tsofaffin kuɗin ƙarfe na ƙasashen waje. Yau ba su sayen ko ƙosai ɗaya. Saboda haka yara suna wasa da su, manya kuma suna kai wa maƙeri ya narke. Wannan hasara ce babba, gama kowane ɗayansu shaida ne na tarihi.

Ga misali babbar azurfar nan mai hoton mace. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. An ci gaba da buga kuɗin bayan rasuwarta, amma shekarar da ke jikinsu ba ta sake ba, kullum 1780 ce. Fatake ne suka ƙetaro hamada da su. A 1851, a kasuwar Kano, ɗaya tana daidai da wuri 2500.

Ga kuma kwabo da anini masu huda a tsakiya, kuɗin Turawan Ingila, waɗanda ƴan kasuwa suka shigo da su daga Katsina da Kano. Akwai tsofaffin kuɗin Faransa da aka biya haraji da su. Sefa kuwa sai a 1945 aka ƙirƙiro ta. Yaron da ya jera waɗannan bisa tabarma, ya ga hanyar fatauci da zamanin mulkin mallaka da idonsa.

Wani zai ce: mai yunwa ina ruwansa da tarihi? Gaskiya ne, ba a zargin wanda ya sayar don ya ci da iyalinsa. Amma zoben da aka ƙera da azurfar, ana samun irinsa kowace ranar kasuwa. Kuɗin da ya shiga wuta kuwa ya tafi ke nan. In sayarwa ta zama tilas, gara a nemi mai ajiyewa.

Akwai kuma masu ɓata kuɗin da kyakkyawar niyya. Sai su goge shi da toka ko rairayi, ko su jiƙa shi a ruwan tsamiya don ya yi ƙyalli. Gugar nan tana cinye rubutu da hoto, ga shi kuwa su ne darajarsa. Duhun da ke jikin tsohon kuɗi alamar shekaru ce, a bar masa abinsa. In laka ta kama shi, a sa shi cikin ruwa mai tsabta ta saki da kanta, sannan a tsane shi da ƙyalle mai laushi.

A riƙa kama shi ta gefe, don gumin hannu yana da gishiri. A naɗe kowane cikin takardarsa, a rubuta ƙasarsa da shekararsa da wanda ya bayar. A ajiye a wuri busasshe, musamman da damina, gama laima tana sa tagulla ta yi kore.

Ya kamata kowane aji ya sami akwatinsa na tsofaffin kuɗi. Amma kada yaro ya ɗauko na gida sai da izinin iyaye. Ya kuma tambayi kakarsa abin da aka saya da shi, ya rubuta amsar tun tana da rai.