Idan mai ɗaukar soja ya zo makaranta, wa ke da ta cewa?

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, maganar kare ƙasa ta shiga kowace majalisar hira a Nijar, kuma sannu a hankali tana tunkaro ƙofar makarantunmu. Gwamnatocin da suka gabata ma sun bayyana burin ƙara yawan sojoji daga kimanin 25,000 zuwa 50,000, daga nan zuwa 100,000 a shekarar 2030. A ƙarshen Disamba 2025 kuma majalisar ministoci ta amince da dokar da ta ba hukuma ikon kiran jama'a da dukiyoyinsu domin tsaron ƙasa. Waɗannan sojoji daga gidajenmu za su fito, daga Tama da Buza da Madawa da Keita, kuma babu wurin da ya kai kwalej da lise tara samari majiya ƙarfi a inuwa ɗaya. Shi ya sa nake ganin gara mu iyaye da malamai mu tsai da magana tun yanzu, kafin wata rana darakta ya wayi gari da baƙi a ofishinsa suna neman jerin sunayen 'yan aji.

Aikin soja aiki ne na mutunci, kuma mu a jihar Tawa ba ma bukatar a koya mana darajarsa. Ranar 21 ga Maris 2021 'yan bindiga sun kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya. Ta kudu kuma, kan iyaka da jihar Sakkwato, ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane sun hana manoma da makiyaya barci. Duk uban da ya san wannan ba zai raina mai kaki ba. Sannan saurayin Adar zaɓinsa kaɗan ne: noman albasa idan akwai ruwa da jari, ko ci-rani zuwa Najeriya, Abijan, Libiya ko Aljeriya. Albashin da ke zuwa kowane wata babban abu ne a wurinsa da wurin mahaifiyarsa. Don haka tambayar da ke gabanmu ita ce: a wane shekaru yaro zai yanke wannan shawara, a wane wuri, kuma da sanin wa?

Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan muhawara. A Amurka, dokar ilimi da shugaba George Bush ya sa wa hannu a Janairu 2002 ta wajabta wa makarantun sakandare masu karɓar kuɗin tarayya su ba masu ɗaukar soja sunayen ɗalibai da adireshinsu da lambar wayarsu, sai dai idan iyaye sun nemi a cire sunan ɗansu. Lokacin da yaƙin Iraƙi ya yi zafi, iyaye da yawa suka ɗaga murya. A Nuwamba 2005 masu jefa ƙuri'a a birnin San Francisco suka amince da ƙudurin da ke nuna rashin yardarsu da shigar masu ɗaukar soja makarantun gwamnati. Nan take wani fitaccen mai sharhi, Bill O'Reilly, ya ce a hana birnin kuɗin tarayya, kuma ko 'yan ta'adda sun far masa kada a kai masa ɗauki. A Janairu 2008 majalisar birnin Berkeley ta bayyana cewa ba ta maraba da ofishin ɗaukar sojan ruwa da ke garin. Sai aka yi ta kiran a ƙaurace wa birnin, kuma wani sanata, Jim DeMint, ya kawo ƙudurin janye masa kuɗaɗen tarayya, ciki har da na shirin abincin 'yan makaranta. Ƙudurin bai zama doka ba, ita ma majalisar birnin ta sassauta kalamanta bayan makonni biyu.

A lura da wanda aka so a hukunta: yaron da ke jiran abincin rana a makaranta, wanda bai jefa ƙuri'a ba, bai zauna majalisa ba, bai ma san an yi rigima ba. Wannan ita ce ɗabi'ar ƙaurace wa gari saboda siyasa. Ana nufin shugaba, duka na sauka kan talaka.

Mu kam ba labari aka ba mu ba. Ranar 30 ga Yuli 2023 shugabannin CEDEAO suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali a lokacin ita ke ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha. Manyan motoci suka yi layi a Illela da Birnin Ƙonni. Shinkafa ta yi tsada, magani ya yi wuya, mai albasar Galmi da Madawa ya rasa hanyar kai kayansa kasuwannin da ya saba, shi ma ɗan kasuwar Sakkwato ya ji a jikinsa. An yi haka ne don a mayar da Mohamed Bazoum kan mulki. Da aka ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, ba a mayar da shi ba, Nijar ma ta riga ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar. Ko mutum na goyon bayan juyin mulkin ko yana adawa da shi, ya san cewa uban da ke haɗa kuɗin littafi da alƙalami a buɗewar makarantu ta Oktoba 2023 shi ne ya biya kuɗin rigimar manya.

To, wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata ya yi wa ɗan'uwansa irinsa ba. Abin da nake tsoro shi ne ƙaramin takunkumi na cikin gida. Malami ya ce a bar yara su gama karatu, sai a ce masa maƙiyin ƙasa. Kwamitin iyaye ya yi tambaya, sai a ce garin nan ba su da kishi, a bar su da ajin zana da rijiyar da ta ƙafe. Garin da ya ba da samari da yawa a yaba masa, wanda ya yi jinkiri a sa masa ido. Idan muka bari ɗaukar soja ya zama ma'aunin kishin gari, babu uban da zai iya faɗin gaskiyar abin da ke ransa, kuma yardar da aka samu ta hanyar tsoro ba yarda ba ce.

Maganar shekaru ita ce ta fi damuna. Ranar 19 ga Agusta 2023 dubban mutane suka yi dafifi a filin wasa na Seyni Kountché a Yamai don rubuta sunansu cikin 'yan sa-kai, har masu shirya abin suka dakatar da rajistar saboda cinkoso. Sun ce sai mai shekara 18, amma manema labarai sun ga iyayen da suka zo da 'ya'yansu. Zuciya ce mai kyau ta kawo su, sai dai zumuɗi ba ya duba takardar haihuwa. Mu malamai mun san yadda takardun suke a karkara: yara da yawa ba a rubuta su ranar haihuwa ba, sai daga baya aka yi musu takardar kotu da shekarun da aka ƙiyasta. Ƙara wa yaro shekara biyu a takarda ba shi da wuya. A Borno, 'yan kato-da-gora da suka tashi kare Maiduguri daga Boko Haram sun yi aikin da jama'a suka yaba, amma yara sun cika cikinsu, har sai da suka sa hannu kan yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, suka sallami yara 833 a Oktoba 2018. Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Afirka ta kare haƙƙin yara, wadda ta hana sa wanda bai kai 18 ba cikin yaƙi. Alƙawari ne da muka ɗauka da kanmu.

Akwai kuma tsaron makarantar ita kanta. A jihar Tilaberi ɗaruruwan makarantu sun rufe saboda 'yan bindiga na kallon malami a matsayin wakilin gwamnati. Idan aka san cewa a kwalej kaza ake tsamo sojoji, mun ba su ƙarin hujjar far mata, kuma malamin da ke kwana a ƙauye ba shi da mai gadi. Sanarwar kare makarantu da aka fitar a Oslo a 2015, wadda Nijar ta sa wa hannu, manufarta ke nan: a nisanta aji daga harkar yaƙi.

Wani zai ce ai muna da makarantar Prytanée a Yamai, Najeriya na da ta soja a Zariya tun 1954, kuma yara ƙanana ke shiga. Haka ne. Amma can uba ne ke kai takardun ɗansa da ƙafarsa, yaro ya yi jarrabawa, kuma karatu ake ba shi. Ya bambanta da a iske yaro a ajinsa, gaban abokansa, a tambayi wa ke son ƙasarsa ya ɗaga hannu. Ɗan shekara 16 ba zai iya barin hannunsa a ƙasa ba.

Ga abin da nake ba da shawara kowane COGES da ƙungiyar iyaye da ta uwaye su tattauna su rubuta a littafin zamansu. Jami'in soja ya zo ya yi bayanin aikinsa kamar yadda likita ko malamin gona zai zo, a ranar da aka sanar, iyaye na zaune, kuma a faɗi haɗarin aikin tare da albashinsa. Kada darakta ya miƙa sunan ɗalibi ko lambar gidansu ga kowa sai da yardar uba ko uwa. Kada a yi rajista a harabar makaranta. Wanda ya kai 18 ya san hanyar bariki da ta ofishin hukuma. Ƙungiyoyin sa-kai kuwa su tsaya a waje ɗungurungum. Mu kuma malamai mu ƙarfafa wa mai sha'awar kaki ya riƙe BEPC ko bak tukuna, domin takarda na buɗe masa hanyar ƙarin girma a cikin sojan, kuma ita zai dogara da ita ranar da ya tuɓe kakin.

Na san za a ce ana yaƙi, ba lokacin sharuɗɗa ba ne. Ni kuwa ina ganin lokacin yaƙi ne sharuɗɗan suka fi amfani, domin a lokacin ne ake gaggawa, kuma ƙasa na bukatar sojan da ya san abin da ya zaɓa, wanda iyayensa suka sa masa albarka da zuciya ɗaya. A kai wannan magana zaman kwamitin makaranta na gaba, a bar kowa ya faɗi ra'ayinsa ba tare da an laƙaba masa suna ba. Allah ya tsare sojojinmu, ya raya mana yaranmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.